Adashi: ƙaramar ƙungiya ko babba?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwa masu zubin adashi a Garwa da Marwa, domin mutane na ruɗuwa da girman kwasa.

A yi lissafi. Mutum 10 masu zuba sefa 5,000 duk mako, kwasarsu 50,000 ce, zagaye ya ƙare cikin mako 10. Mutum 40 kuwa kwasarsu 200,000 ce, amma na ƙarshe zai jira mako 40, kusan wata tara. A cikin wannan jira damina za ta shigo, kasuwa ta yi sanyi, wani ya yi ƙaura, wani ya kwanta ciwo. Wanda ya riga ya kwasa shi ne ya fi saurin yin sanyin jiki wajen zubi. A ƙaramar ƙungiya kunya tana riƙe mutum, don kowa ya san ƙofar gidan kowa. A babba, uwar adashi kaɗai ta san mutanen, nauyi duka yana wuyanta.

Ni dai ina ganin mai ƙaramin jari kada ya wuce ƙungiyar mutum 12. Mai neman kuɗin sarin buhunan albasa ko masara zai iya shiga babba, amma da sharaɗi: a rubuta jerin kwasa tun ranar farko, baƙo ya kawo mai tsaya masa kuma a sa shi a baya, a yanka tarar jinkiri. In ta Orange Money, wato hanyar tura kuɗi ta wayar salula, ake turawa, a ajiye saƙon shaida, a kuma fayyace wanda zai biya kuɗin cirewa.

Wassalam,
Mai karatunku daga Garwa, Kamaru