Amsa ga ƙanena da ya tambaya: jQuery, React ko Vue?

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar Asabar, a zamanmu na masu koyon gina shafukan intanet, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni wane laburaren JavaScript za ka ɗauka (wato tarin shirin da wasu suka riga suka rubuta da JavaScript, harshen da ke sa shafi motsi), jQuery, React ko Vue, don shafin da kake yi wa shagon atamfa da leshi na yayarka. Aka kira la'asar kafin in ba ka amsa. Ga ta yanzu a fili, don na ga mutane da yawa suna gyaɗa kai lokacin da kake magana.

Wannan shafin naka, kada ka ɗora masa ko ɗaya daga cikin ukun.

Kowannensu wata damuwa ce ta haife shi. Lokacin da John Resig ya fito da jQuery a 2006, kowace burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, da nata halin. Abin da ya yi aiki a Firefox sai ya ƙi a Internet Explorer, jQuery kuwa ya zo ya raba gardama. Yau gardamar ta mutu. Da querySelector (mai zaƙulo abu a shafi) da fetch (mai ɗauko bayanai), burauza da kanta tana yin yawancin aikin, Internet Explorer ma an yi mata ritaya a Yunin 2022. Shi ya sa GitHub, ma'ajiyar ayyukan masu rubuta manhaja, ya cire jQuery daga shafinsa a 2018, Bootstrap 5, kayan tsara fasalin shafi, shi ma ya bar shi a 2021. Duk da haka ka koyi karanta shi, domin WordPress, manhajar gina shafuka, na tafe da shi har yanzu, kuma za a kawo maka tsofaffin shafuka gyara.

React kuwa Facebook ne ya sake shi a 2013, don shafin da abubuwa da yawa ke canzawa lokaci guda: saƙo na shigowa, lamba na ƙaruwa, jeri na sabuntawa. Me ke canzawa a shafin yayarka? Hoton atamfa ne, da farashin turmi, da maɓallin da zai kai mai saye WhatsApp.

Abin da ya fi damuna shi ne wayar mai saye. Na taɓa gina wa wani mai shago irin wannan shafi da babban laburare, a kwamfutata yana buɗewa kamar walƙiya. Da na kai masa kasuwa, ya miƙa wa wata hajiya da ta zo sayayya adireshin. Ina tsaye na ga farin allo a ƙaramar wayarta mai tsagaggen gilashi, sabis sanda biyu. Ta jira, ta dangwala da babban yatsa sau biyu, ta mayar da wayar cikin jaka ta ce, "Malam, turo min hotunan kawai." Har yau abin na ci mini rai. Ba sauke fayil kaɗai ke cin lokaci ba: sai wayar ta karanta JavaScript ɗin, ta gudanar da shi, sannan hoto na farko ya bayyana. Kuma datarta ce ke ƙonewa.

Don haka ka rubuta HTML (ƙashin shafi) da CSS (adonsa) masu tsabta, ka rage nauyin hotuna, ka ƙara ɗan JavaScript na hannunka. In shafin ya girma har ana buƙatar kwandon sayayya, ka duba Vue, wanda Evan You ya fitar a 2014. Ana iya saka shi a sashe ɗaya na shafi ba tare da an rushe sauran ba.

Na san akwai abin da ba ka faɗa ba: kana neman aiki, kuma sunan React kake ta gani a tallan ɗaukar ma'aikata. Gaskiya ne, ka koye shi, amma bayan JavaScript ya zauna maka. Waɗanda suka haddace AngularJS kaɗai, wani laburare irin waɗannan, sun sha wuya da aka sake gina shi daga tushe a 2016.

Asabar mai zuwa ka bar kwamfutarka a gida. Ka aro wayar yayarka, mu buɗe shafin a kanta tare.

Wassalam,
Yayanka a sana'a