Wasiƙa ga 'yata mai waƙa, kafin ta tafi Numan da goyo

'Yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da ɗan angon nawa. Na ji ƙungiyarku ta mawaƙa za ta taron Ista a Numan, kuma ke za ki ja waƙa kwana uku. Ban ce kada ki je ba. Sai dai yaron nan watansa huɗu, bai san tsarin sujada ba, yunwarsa da barcinsa kawai ya sani. Don haka tun kafin a biya kuɗin mota ki zauna da shugaban mawaƙa, a tsara hidimarki bisa lokutan yaron. A kuma ware kujera guda don mai reno, mace babba wadda ba ta cikin masu waƙa. Kada ki yarda da “ai muna da yawa, za mu riƙa karɓarsa”. Da an buga ganga kowa zai miƙe, yaro ya koma hannun 'yar shekara goma.

Abin da ya fi damuna kunnensa ne, domin shi ne ɓarnar da ba a gani sai an makara. Ana auna ƙara da desibel. Babban mutum ma, in ƙara ta kai 85, awa takwas ce iyakarsa a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin nan biyu. In ta kai 100, minti 15 ke nan. Gaban lasifika lokacin yabo, ga ganguna ga jita ga makirufo biyar, yakan kai nan. Ramin kunnen jariri ƙarami ne, ƙarar ta fi matse shi, kuma ƙananan gasun can cikin kunne da ke kama sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Ga gwaji mai sauƙi: in sai kin ɗaga murya wadda ke kusa da ke, tazarar hannu ɗaya, za ta ji ki, wurin bai dace da shi ba. Kada ki hau dandamali da shi a baya, ko da barci yake. Barci ba ya toshe kunne, kuma lasifikar da ke ƙasa tana fuskantar mawaƙa daidai kansa take bugawa. Mai reno ta zauna can baya kusa da ƙofa, ko a inuwa a waje, domin a fili duk ninka tazara yana rage desibel 6. Ki sayi abin rufe kunne na jarirai, mai kamar kofi biyu da maɗauri mai laushi, ki saba masa da shi a gida mako guda kafin tafiya. Auduga ba ta tare ƙara, kuma takan maƙale a ciki. Lokacin gwajin na'ura ma ki fitar da shi, a nan ne makirufo ke yin kukan nan mai tsinke kunne.

Nono kuwa, shi kaɗai har wata shida, ko ruwa ban da shi. Na san zafin Numan a wannan lokaci yakan haura digiri 40, kuma iyaye mata za su ce ƙishi yake ji. Ki gode musu, ki ƙara ba shi mama, ruwan da yake bukata yana ciki. Ke ce za ki sha ruwa sosai, muryarki ma tana so. Ki shayar da shi minti 20 ko 30 kafin ki hau, ya ƙoshi ya yi gyatsa. In hidimar za ta wuce awa uku, ki tatsa a kofi mai murfi da aka tafasa. A ɗaki mai sanyi yana kai awa huɗu, a zafin can kada ki kai shi haka, a kula mai ƙanƙara kuma yana yin awa 24. Kada ki bar nono ya cika ya yi tauri don ana tsakiyar taro, daga nan ne kumburi da zazzaɓi ke farawa. In an sa azumi, ki gaya wa fasto kina shayarwa. Masu zuwa yi masa addu'a su ɗora hannu a ka ya isa. Man shafewa ko ruwan addu'a ko zuma kada ya shiga bakinsa, sumba a fuska ma ki hana cikin ladabi, lokacin sanƙarau da mura ne.

Hanya daga Jos yini guda ce. Ku tashi da asuba, ku tsaya duk bayan awa biyu, a Bauchi, a Gombe, a Kaltungo, ki fito da shi ki shayar ki canja masa ƙunzugu. In an samu kujerar jarirai, a ɗaure ta a baya tana kallon baya. Kada ki zauna da shi a goye cikin mota, kada ku raba bel ɗaya, kada kuma a jibga lasifika da ganguna a bayan kanku ba ɗauri, birki ɗaya ya ishe su zubowa. Da rigar sanyi za ku bar Jos, amma kafin Gombe ki rage masa kaya. Ki taɓa ƙeyarsa, in da gumi kaya sun yi yawa.

A masauki ki nemi ɗaki nesa da janareta. Hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari, don haka injin ya kasance a fili, aƙalla mita shida daga taga. Numan bakin Binuwai take, sauro ba ya hutu. Ki tafi da gidan sauronki da igiya da ƙusoshi huɗu, kada ki yi amfani da maganin sauro na ƙonawa. Ki kwantar da shi rigingine, ba matashi. Kwanan addu'a ki yi rabonki da wuri ki koma, kada wata ta ba shi maganin tari wai don ya yi barci.

Katin rigakafinsa ya shiga jaka tun yau, ki duba an yi masa allurar mako 14. Ki haɗa da ma'aunin zafi da ORS, wato garin gishiri da sukari na gudawa, da ƙwayar zinc. In gudawa ta zo, ƙunshin ORS ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a zubar da ragowar bayan awa 24, zinc kuma miligiram 10 kullum har kwana 10 zuwa 14, nono bai tsaya ba. Ki riƙa ƙirga fitsarinsa, sau shida ko fiye a yini. In ya ragu, ko maɗigarsa ta faɗa, ko zafi ya kai 38, ko ya ƙi mama, ko numfashi ya yi sauri, ki ajiye makirufo ki nufi asibiti. Ranar da kuka sauka ki tambayi inda yake.

Wannan ne ya sa nake so wata ta koyi dukan waƙoƙinki da muryar da kike ɗauka, ku yi gwaji tare sau biyu kafin tafiya. Mawaƙan da Dawuda ya tsara su 288 ne, ƙungiya 24, bi da bi suke hidima. Hannatu ma ba ta hau Shilo ba sai da ta yaye Sama'ila. In ranar tafiya ya tashi da zazzaɓi, ki zauna gida da zuciya ɗaya, wadda ta koya ta ja waƙar.

Ki kira ni in kun isa Gombe. Ubangiji ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Mamarki