Rahoton Kwamitin Gyaran Magudanan Ruwa na Hanyar Kwanar Dawaki zuwa Dawakin Kudu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma ga iyayenmu dagatai da masu unguwanni da limamai, da duk wanda ya sa hannu ko ya sa aljihu a wannan aiki, kwamitin da kuka ɗora wa amanar gyaran kwalbati da lambatu a ɓangarenmu na wannan hanya yana sanar da ku cewa an kammala aiki. Ga bayanin yadda aka yi.

Za mu fara da ita hanyar kanta, domin da yawa daga cikin masu ba da gudummawa 'yan'uwanmu ne mazauna Legas da Abuja da Fatakwal, wasunsu ma 'ya'yansu ba su taɓa bin ta ba. Idan ka baro birnin Kano ta titin Zariya, ka wuce Na'ibawa da Dangwauro, kafin ka kai gadar Tamburawa za ka tarar da Kwanar Dawaki. A nan hanyarmu ta ɓalle daga babban titi ta yi hannun hagu, ta ratsa gonaki da ƙauyuka har ta shiga garin Dawakin Kudu. Gajeruwa ce, mai mota ba ya daɗewa a kanta. Amma babban titin da ta fito daga jikinsa na gwamnatin tarayya ne, shi ne wanda ya haɗa Abuja da Kaduna da Zariya da Kano, wanda aka fara sake gina shi a 2018, ita kuwa tamu ta jiha ce. A tsarin Najeriya hanyoyi kashi uku ne: na tarayya, na jihohi, da na ƙananan hukumomi, kowa da nasa nauyin. Mun kawo wannan ne don mutane da dama sun riƙa tambayarmu dalilin da ya sa masu aikin babban titi ba su shigo mana da injinansu ba. Kwangilarsu ba ta haɗa da hanyarmu ba.

Tun kafin a san kwalta, wannan turba ce ta jakuna. Ƙasar Dawakin Kudu na cikin karkarar da ta kewaye birnin Kano, inda ake noma gona kowace shekara ba a barin ta ta huta, kuma abin da ya riƙe wannan noma shi ne taki. Dattawanmu suna ba da labarin yadda ake kora jakuna da asuba ɗauke da itace da hatsi zuwa birni, a dawo da mangaloli cike da takin bola. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, sai buhunan gyaɗa suka shiga cikin kayan da ake bi da su ta nan. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Dawakin Kudu ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma a gyaran fuskar 1976, sannan a 1977 aka buɗe makarantar sakandaren kimiyya ta Dawakin Kudu tare da takwararta ta Dawakin Tofa. Likitoci da injiniyoyi nawa ne a ƙasar nan suka bi ta wannan hanya da akwatin ƙarfe a kai suna yara? Allah kaɗai ya san adadinsu. Yau kuma abin da ya fi yawa a kanta shi ne a-daidaita-sahu, da babura, da motocin kayan gwari, da tifofin yashi masu fitowa daga bakin kogi.

Da aka kafa kwamiti, mafi yawan jama'a cike ramuka suke so a yi. Mu ma da haka muka fara tunani, har sai da wani injiniya ɗan garin nan, wanda bai karɓi ko kwabo ba, ya zagaya da mu bayan an ɗauke wani ruwan sama mai ƙarfi na watan Agusta. Ya tsayar da mu a bakin kwalbatin da ke wani gangare na hanyar, ya sa wani yaro ya zura gora a ciki. Gorar ba ta yi nisa ba ta tokare. Yashi da leda da karan dawa sun toshe bakin har sama, ruwan da ya kamata ya wuce ta ƙarƙashi sai ya taru ya hau kan kwalta, ya kwanta a gefenta kwana da kwanaki. Ya sa hannu ya ɓantaro bakin kwaltar kamar ana ɓantarar ƙuli-ƙuli, ya nuna mana jar ƙasar da ke ƙasa ta jiƙe sharkaf. Bayaninsa shi ne, kwalta rufi ce kawai, marmarar da aka daddanne a ƙarƙashinta ita ke ɗaukar nauyin mota, kuma da zarar ruwa ya shige ta, tifa ɗaya mai lodin yashi ta isa ta buɗe rami. Duk ramin da aka cike ba a kori ruwa ba, damina mai zuwa zai dawo. A nan kwamiti ya yanke shawarar cewa kuɗin jama'a kan hanyar ruwa za su tafi, zuba kwalta kuwa aikin gwamnati ne, ba mu da kayansa, ba kuma huruminmu ba ne.

Ba mu sa diga a ƙasa ba sai da muka rubuta takarda ta hannun hakimi zuwa ga hukumar da ke da alhakin hanyar, aka turo jami'i ya duba, aka ba mu izini a rubuce. Muna ba duk wani gari da zai yi irin wannan aiki shawarar ya bi wannan mataki.

An fara da aikin gayya bayan an gama girbi. Matasa suka fito da shebur da diga da baro, aka yashe kwalbatin tas. Abin da aka fitar daga cikinsa ya ba kowa mamaki, har da tsohuwar taya da buhunan siminti da suka daskare. Da aka yashe sai aka ga jikin kwalbatin lafiya lau yake, bangon bakinsa na ɓangaren da ruwa ke fita ne zaizaya ta ci ƙarƙashinsa har ya tsage ya karkata. An rushe shi, an haƙa sabon tushe har aka taɓa ƙasa mai tauri, aka ɗaura rodi, kafintoci suka kafa katako, aka zuba kankare. Injiniya ya tsaya kai da fata a kan haɗin: kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kuma yashin kogi mai tsabta, ba ƙasar gefen hanya ba. An samu saɓani a nan, domin wasu na ganin a rage siminti a tsawaita lambatu. Kwamiti ya ƙi, kuma har yanzu muna kan wannan ra'ayi. Gara gajeren lambatu da zai shekara ashirin da dogo wanda zai farfashe a damina biyu.

Ban ruwa shi ne abin da ya fi ba mu wahala. Kankare yana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda, ba ya kuma kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28, ga shi lokacin hunturu ne, iska na busar da komai nan take. An lulluɓe shi da buhunan algarara, 'yan garuwa suna zuba ruwa safe da yamma. Matan unguwar da ke kusa su suka ɗauki nauyin wannan ruwa da kuɗin adashinsu, ban da kunu da ƙosai da suke aiko wa leburori kullum. Allah ya saka musu da alheri.

Daga nan magina suka jera dutse da siminti a inda ruwa ke faɗowa don kada ya sake cin ƙasa, aka gina lambatu a gefen da gidaje suke, aka ɗora silab a ƙofofin gidaje da shaguna. Gefen kwalta da ya zaizaye an cike shi da marmara, an yayyafa ruwa, an daddanne da rola da muka yi haya. Wasu direbobin tifa sun kawo yashi da marmara kyauta, muna gode musu, tare da roƙonsu da su rage lodi, su kuma rufe bayan mota da tamfol, don yashin da ke zuba a hanya shi ne yake komawa cikin kwalbati.

Ruwan farko na bana ya gwada aikin. Mambobin kwamiti sun je wurin ana tsakiyar ruwa, suka ga ya bi lambatu ya shige ƙarƙashin hanya ya fita, bai hau kwalta ba.

Game da kuɗi, duk abin da ya shigo da wanda ya fita yana rubuce a littafin ma'aji, da rasit na kowane buhun siminti da kowace tifa. An karanta lissafin a gaban dagaci da limamai, an liƙa kwafinsa a ƙofar masallacin Juma'a, wanda ke nesa kuma zai iya neman a tura masa ta WhatsApp. Ragowar da ta saura an bar ta a asusu don yashe magudanan kafin kowace damina, kuma masu unguwanni sun amince su raba wannan aiki tsakanin matasansu a watan Mayu. An kuma hana zuba shara a lambatu.

Abin da ya rage shi ne ramukan da ke kan kwaltar kanta da fitilun kan kwanar hanya. Mun miƙa takardar roƙo a kansu tare da hotunan aikin da aka gama, kuma shugaban kwamiti da sakatare za su ci gaba da bibiya. Za a sanar da ku amsar da aka samu a taron ƙungiya na gaba.

Wassalam.
Sakataren kwamiti, a madadin dukkan mambobi.