Zuwa ga Yaya, daga Dubai

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan dubun gaisuwa, da fatan kana lafiya, da Inna da Auta da duk mutanen gida. Na ji ruwa ya sauka a wajenmu har kun gama shukar gero. Allah ya ba da damina mai albarka. Mu nan sai zafi, tun kafin asuba muke fita askin ciyawa, don kafin hantsi rana ta fara cin mutum.

Ka tambaye ni wane irin wasa ake yi a filin da nake aiki. Golf ne. Ramuka 18, kowanne bakinsa bai kai na kwanon sha ba, ɗan ƙwallo kamar ƙwan zabuwa, mutum yana tafe da sanduna har 14 a jaka, bai halatta ya wuce haka ba. Wanda ya zagaye ramukan da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. A ƙasar nan an buɗe filin ciyawa na farko a 1988, a tsakiyar rairayi. Ruwan da muke ba ciyawar nan kullum, da za a juya shi fadamarmu, da ba mu sake kukan tumatir ba.

Shekara biyu ina kallo ina dariya a raina, har makon jiya wani dattijo mai koyarwa ya miƙo mini sanda bayan an tashi, ya ce in gwada. Na damƙe ta kamar ƙotar garma, na ɗaga, na sauke. Wallahi Yaya sai ga ɓanɓaren ciyawa kamar faifai ya tashi sama, ƙwallon kuwa yana zaune inda yake, ko gezau. Ciyawar da ni na yi wata uku ina reno! Ni na koma na cike ramin da yashi.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya kama hannuna ya juya, ya ga kantar da noma ya bar mini, ya girgiza kai. Ya ce matsalata ƙarfi. Wai sandar ba a tafin hannu take kwana ba, a yatsu take. Hannun hagu ne a sama, a kwantar da ƙotar a karkace daga gindin ƙaramin yatsa zuwa tsakiyar manuni, sannan a rufe, babban yatsa ya bi jikin sandar. In ka duba ƙasa ka ga gaɓoɓi biyu na bayan hannunka, to ka yi daidai. Sai dama ta zo ƙasa ta lulluɓe babban yatsan hagu. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ƙaramin yatsan dama: ko dai ya hau kan manunin hagu, riƙon da ake kira da sunan Harry Vardon, Baturen da ya ci babbar gasar Birtaniya sau 6, ko kuma ya sarƙe da shi, yadda Tiger Woods yake yi. Ni sarƙewar na zaɓa, don yatsuna gajeru ne irin na Baba, Allah ya jiƙansa.

Sai batun matsi. Na kasa ganewa har sai da na tuna yadda Inna ke ɗaukar ɗan tsako: ba ta matse shi ya mutu ba, ba ta sake shi ya gudu ba. Na sassauta, amma na wuce gona da iri, sandar ta kuɓuce ta bi iska. A bugu na bakwai ko na takwas ne na ji wani ɗan ƙas mai daɗi, ƙwallo ya tashi ya miƙe, hannuna bai ji komai ba. Na tsaya baki buɗe. Kada dai ka gaya wa mutanen majalisa, su ce na tafi neman kuɗi na ɓige da wasan masu kuɗi. Yanzu da sandar tsintsiya nake gwaji a ɗaki, abokin kwanana ɗan Nepal yana ta kallona.

Na turo kuɗin taki ranar Litinin, ka duba. Ka sayi buhu biyu, ragowar a ba Inna na magani, a kuma gyara katangar da ta zube kafin ruwan Agusta. Ka ce wa Auta ya ajiye mini gorar nan ta bayan ƙyaure, zan nuna masa riƙon in na zo.

Ka gaishe da Kawu da Liman.

Ƙaninka.