Wasiƙa zuwa Agadas kan man giyar motarka

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya zafin Agadas? Mu nan Damagaram lafiya lau, mutanen Birni da na Zango duk suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso, na kuma ji abin da ka ce game da Corollar nan taka, wai in ka sa giyarta a D, harafin tafiya gaba, sai ta ɗan yi jinkiri kafin ta ɗauka, wani lokaci har da ƴar fizga. Ka kuma ce wanda ya sayar maka ya rantse ba a taɓa man giyar otomatik har motar ta mutu. To, wannan zancen na ƙasashen sanyi ne, inda mota ke tafiya kan kwalta mai santsi. Mu da watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, ga rairayi, ga lodi har saman rufi, ba mu cikin wannan lissafi. Ba abin da ke cinye man nan kamar zafi. Mota ɗaya da ta kafe a yashi tsakanin Tanut da Adarbisanat, direba na ta kai ta gaba yana dawo da ita baya, ta dafa man giyarta fiye da wadda ta yi wata guda tana yawo cikin gari. A irin hanyoyinmu ni dai ba na bari ya wuce kilomita 40,000 zuwa 60,000, ko da littafin motar ya ba da tazarar da ta fi haka.

Kafin ka kashe ko dala, duba shi da kanka. Ka ɗan zaga da motar ta yi ɗumi, ka tsaya a wuri mai daidai, inji na aiki, ƙafarka kan birki, ka bi da giyar ta kowane harafi ka dawo P, harafin ajiye mota. Zaro sandar awon man giya, goge ta, mayar, sake zarowa. Ka ɗiga man a farin ƙyalle. Sabo ja ne garau, kamar zoɓon da bai yi kauri ba. In ya koma ruwan ƙasa, lokaci ya yi. In ya yi baƙi yana ƙauri, har kana jin tsaki-tsaki tsakanin yatsu, to faifan kuloci na ciki sun soma ci. In kuwa ka gan shi fari-fari da kumfa, ruwan lagireto ne ya shiga, kada ka ƙara tuƙa ta sai an gyara.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne wajen sayen man. Kowace giya da nata. Tsofaffin Toyota da yawa man da ake kira T-IV suke sha, na baya-bayan nan WS, Honda da nata daban, mai CVT kuwa, wato giyar otomatik marar matakai, ko kusa kada a zuba mata na sauran. Galibi an rubuta a jikin sandar awon ko a littafi. Wanda ake aunawa a kwalba bakin hanya, ba ka san daga wace jarka ya fito ba, bar shi. Araha ba ta ado, balle a nan da kuɗin bwat ɗaya, wato akwatin giya, ya isa ka yi shekaru kana sayen mai na gari. Ka sayi galan mai hatimi, a buɗe shi a gabanka.

Aikin kansa ba wuya. Bakanike zai kwance notin ƙasa, man ya zuba a roba. Ka tsaya a auna abin da ya fita, don gwargwadonsa za a zuba sabo. Kada ka yi mamaki in ka ga lita 3 ko 4 kawai, alhali giyar na ɗaukar kusan ninkin haka. Sauran yana maƙale a ƙwaryar da ke tsakanin inji da giya da kuma bututun sanyaya mai. Tunda ba ka san tarihin motar ba, sa a sauke kwanon ƙasan gaba ɗaya. Akwai ƴan maganaɗisu a cikinsa, za ka tarar sun yi gashi da laushin ƙarfe. Laushi kaɗan ba komai, gutsattsari ne abin tsoro. A wanke su, a canza rariyar tace man da robar bakin kwanon, a ɗaure notocin a hankali, don yaran gareji akwai son murɗa su har su tsinke. Sabon man ta ramin sandar awo ake zuba shi da mazurari. Kada a cika ya wuce alama: in ya yi yawa kumfa yake yi, giyar ta riƙa sulɓewa.

Bayan ka yi ƴan ɗaruruwan kilomita, ka koma a sake zubarwa a sake cikawa, haka tsohon zai ragu sannu a hankali. Na fi yarda da wannan a kan injin da ke tura mai da ƙarfi ya wanke ciki lokaci guda. A tsohuwar giyar da aka daɗe ba a kula ba, dattin da ya kwanta yana iya tashi ya toshe ƙananan hanyoyin mai. Kuma in man naka ya riga ya ƙone ƙurmus, sabo ba zai mayar da faifan da ya cinye ba, gara ka sani tun yanzu kada ka zargi bakanike.

Ka ɗauko mini hoton ƙyallen da kuma rubutun da ke kan sandar ta WhatsApp kafin ka sayi komai. In ba a samu irin man a can ba, zan nema a nan in ba direbobin tasha su kawo maka.

A gaida Hajiya da yara.

Naka,
abokinka na Birni