A ware wa kowace sana'a wajenta a ƙananan garuruwanmu

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan yadda garuruwanmu ke girma ba tsari. A garinmu yanzu gidan mai na jikin katangar makarantar firamare, mai walda ya kafa shago a ƙofar gidan mutane, injin niƙa na ta ruri har tsakar dare, ga burtalin shanu an yanka shi fuloti an sayar, shi ya sa kullum rigima tsakanin makiyaya da manoma ba ta ƙarewa, kuma da damina ta faɗi ruwa sai ya shiga ɗakuna tunda an gine hanyarsa.

Wallahi abin na ci min rai, don ai kakanninmu sun san wannan tsari. Ku duba Kano, marina na Ƙofar Mata, ga unguwar majema daban, maƙera daban, kara da mayanka can gefen gari. Kuma doka na nan, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi iko kan filayen karkara, Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 kuma ta tanadi hukumar tsara gari har a matakin ƙaramar hukuma.

Ina roƙon ciyamomi su zauna da hakimai da dagatai a fitar da taswira, nan gidaje, nan kasuwa da tasha, nan masu injina, a killace maƙabarta da filin Idi tun kafin dillalan fili su kai gare su. Wanda za a tasa kuma a biya shi diyya ta gaskiya.

Naku,
Wani mai karatu daga Jihar Kano