Janar din da ke jikin dala ashirin

Malam Edita, assalamu alaikum.

A dan bani fili in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta kaure a teburin mai shayi nan Kofar Kaura. Wani matashi ne ya dage wai Amurka bata taba sanin soja a kan mulki ba shi yasa ta ci gaba. Alhaji dan canji dake gefe bai tanka ba, sai ya zaro dala ashirin daga aljihun gaba ya mika mishi yace to wannan mai tsayayyen gashin liman ne?

Andrew Jackson kenan, shugabansu na bakwai. Tun yana yaro lokacin yakin neman 'yanci sojan Ingila suka kama shi, wani hafsa yace ya goge mishi takalmi yaki, ya sare shi da takobi, da tabon ya mutu. Sunanshi ya fito ne ranar 8 ga Janairu 1815 a garin New Orleans, lokacin yana janar a wani yakin na daban da Ingila, inda ya karkashe tare da raunata sojan Ingila wajen 2,000 nashi kuwa ko dari basu kai ba, abin mamaki ma an riga an sa hannu a takardar sulhu a Turai tun Disamba labari ne bai iso ba, lokacin ba waya sai jirgin ruwa.

A 1824 ya tsaya takara yafi kowa kuri'a amma bai kai adadin da ake bukata ba, majalisa ta dauki kujerar ta ba John Quincy Adams, shi kuma Adams ya nada Henry Clay wanda ya mara mishi baya sakataren harkokin waje. Jackson yace cinikin kujera akayi. Mu da muka sha kallon zabe ai wannan wakar ba bakuwa bace. Bai dau bindiga ba dai, a nan na sara mishi, ya jira 1828 ya lashe yayi shekara takwas.

Amma ni inda nake ja da masu yabonshi shine 1830, da ya sa hannu a dokar tashin 'yan asalin kasar daga gonakin kakanninsu a kora su hayin kogin Mississippi. Kabilar Cherokee har kotun koli ta basu gaskiya a 1832 amma hakan bai hana komai ba, a 1838 zamanin magajinshi aka tasa keyarsu, dubbai suka mutu a hanya saboda sanyi da yunwa da cuta. Ga bayi sama da dari suna mishi noman auduga a gonarshi ta Tennessee.

Matashin nan ya juya takardar gaba da baya yace shi duk ba'a koya mishi wannan ba. Alhaji yace to miko min kudina kafin shayinka ya zube a kai.

Naku,
Mai karatu daga Kofar Kaura, Katsina